Babur Mai Lambar Dakota

Virta, Minnesota
14 ga Janairu

Zuwa ga Yayata Ardis,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da begen ganinki, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Roy da yara da jikoki. Yaya gwiwar Roy? Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi, wanda na san tun da kika koma Arizona kin manta kamanninsa. Hoton bishiyar lemun da kika aiko ya iso. Baba ya liƙa shi a jikin firji, ya ce a gaya miki wanda ya gudu daga ƙanƙara ba shi da bakin yi wa mutane gori da lemu.

Kin tambaye ni labarin Duane. Yana nan, bai koma ba. Ƙanen naki da ya ce hutun Kirsimeti kawai ya zo yi, yau ga shi har ya gyara tsohon ɗakinsa a gidan Baba na gona ya baje kayansa. Wani abokinsa ne ya kawo shi daga Dakota ta Arewa, ya sauke shi da jaka biyu da babur ɗinsa na ƙanƙara, ya juya. Tun daga ranar ban ga Duane ya taɓa sitiyarin motar Baba ba. Gari zai zo, babur. Coci zai je, babur. Na ce masa mutum mai furfura a gemu ya kamata ya san an ƙirƙiro mota mai rufi, ya ce iska tana wanke masa kai.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne Baba. Kullum da hantsi Duane yana naɗe shi da barguna kamar jariri, ya zaunar da shi a ɗan amalanken da ake ja a bayan babur, su gangara Tafkin Sorsa, wanda ruwansa ya daskare ya zama ƙanƙara. Ya ja tsohuwar bukkar kamun kifin nan ya kafa ta a kan ƙanƙara, daidai wurin da Baba yake kafa ta muna yara, ya huda ramuka, ya hura murhu. Can suke wuni. Baban da tun rasuwar Mama sai na yi da gaske yake cin rabin burodi, yanzu kwano biyu na miyar kifi yake tashi da su, har yana yi min gardama a kan gishiri.

Ya kamata in yi murna, ko? Ina yi. Amma bari in gaya miki abin da ke ci na.

Gidan kula da tsofaffi na bakin kogi sun kira ni. Ɗaki ya samu bayan duk jiran nan, kuma sun ba mu zuwa ƙarshen Fabrairu mu karɓa ko su ba wani. Kin san yadda Baba ya faɗi sau biyu da kaka, kin san ranar da na tarar da tukunya ta ƙone ƙurmus a kan wuta shi kuma yana barci a kujera. Da ƙyar na shawo kansa ya yarda zai koma. Yanzu ya ce bai san zancen ba. Duane kuma yana gefe yana zuga shi: "Ƙyale ta, Baba, ina nan." Ina nan! Yana ina duk shekarun da nake rufe shago in kai Baba asibiti, in wanke masa kaya, in yanke masa farce? In bazara ta yi zai koma aikinsa na rijiyoyin mai, ɗakin ya wuce mu, ni a bar ni da ragowar aiki.

Shago kuwa sai godiya. Baƙi sun cika gari, 'yan Iowa da Illinois, kowa da tirelar babura. Tunda ni ce mai sayar da sitikar hanya a kantar gidan mai, bakina har ya gaji da maimaita magana ɗaya: in babur ɗinka yana da rajistar jiharku ba sai ka sake wata a nan ba, sitikar hanya kawai za ka saya ka liƙa, amma in ka wuce wata guda a jere a jiharmu ka tashi daga baƙo, sai ka yi rajista kamar kowa. Shekaranjiya na tuna wa Duane haka, na ce lambar Dakota ce a babur ɗinsa kuma watansa ya cika. Ya ɗaga hannu kamar wanda aka ritsa da bindiga, ya ce, "Na tuba, Yaya sarkin doka. Rubuta min tarar a bayan rasit ɗin kofi." Baba ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ban yi ba.

Ki gaishe da Roy da kowa da kowa. Zan aiko miki da burodin nan namu mai zaƙi, nisu, in na sami mai zuwa.

Taki ƙanwa,
Lorna

Virta
3 ga Fabrairu

Yaya Ardis,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan takardar nan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Baba lafiyarsa ƙalau, kada hankalinki ya tashi, amma wani abu ya faru, gara ki ji daga wurina.

Ranar Alhamis Neil Tvedt, jami'in gandun dajin nan da ke sintiri a tafkuna, ya je bukkar su Baba. Ya cire hula ya gaida Baba, ya duba takardun kamun kifi, sannan ya zagaya ya tsaya a kan babur. Ya tambayi Duane tun yaushe yake jihar nan. Baba da ba ya iya ƙarya ya riga shi amsawa, har da alfahari: "Ai tun kafin Kirsimeti ɗana yake tare da ni." Neil ya ce to ƙaramin abu ne, gargaɗi ne ko 'yar tara, bari dai ya kira ofis a duba sunan. Da amsa ta dawo, Baba ya ce sai ya ga fuskar Neil ta canza.

Yaya, ashe Duane ba shi da lasisin tuƙi. An ƙwace tun watan Oktoba. Bayan matarsa Tammy ta bar shi ya shiga shan giya, wata rana ya afka rami da motar kamfani. Allah ya tsare babu wanda ya ji ciwo, amma kotun can ta hana shi tuƙi, kuma ashe hanin ya shafi har babur ɗin ƙanƙara. Shi ya sa bai taɓa motar Baba ba. Ya ɗauka babur a kan tafki ba tuƙi ba ne, ko dai ya gaya wa kansa haka. Neil ya ba shi sammaci, ya ɗauko Baba a bayan nasa babur ɗin ya kawo shi gida. Duane ya tako tafkin nan da ƙafa, dusar ƙanƙara har gwiwa.

Da na je da yamma na tarar da shi a kicin, takalmansa suna ɗiga a kan tabarma, ya gaya mana komai yana kallon tebur. Bai sake ɗiga giya a bakinsa ba tun ranar haɗarin. Zuwan da yake yi coci ranar Talata, wanda nake yi masa ba'a cewa tsufa ya sa shi ibada, taron masu yaƙi da shaye-shaye ne da ake yi a ɗakin ƙasa. Kamfaninsu sun yi masa alkawarin mayar da shi aiki in an dawo masa da lasisi a bazara. Yanzu da wannan sabon laifi, babu wanda ya san abin da alƙali zai ce.

Abin da ya fi ƙona masa rai, ya ce Neil ba don kifi ya zo ba. "Bukkoki nawa ne a tafkin nan? Ya wuce su duka ya nufo tamu, idonsa a kan lamba. Wani ne ya kai tsegumi." Nan take ya ɗora wa Walt Lahti, maƙwabcinmu, don sun yi cacar baki kwanan baya da Duane ya ratsa ta gonar ciyawarsa da babur. Washegari ya taka har gidan Walt, ya tsaya a tsakar gida ya kira shi munafukin tsoho, a gaban matarsa Irene. Walt ya rantse ba shi ba ne. Duane ya ce rantsuwar maƙaryaci ba ta da tsada. Walt ɗin da ya yi shekara da shekaru yana share wa Baba hanya da taraktarsa ba a biya shi ko kwabo, tun ranar bai sake shigowa ba. Duane ne ke fama da shebur.

Babur yana rumfa an rufe shi da tamfol. Baba ya koma kujerarsa ta bakin taga. Jiya na kai masa miyar kifi, ya ɗanɗana ya ture, ya ce kifin kanti ne.

Ni ke kai Duane taron Talata yanzu a motata. Ba zan iya ƙara rubuta komai yau ba, kaina yana sarawa. A gaida Roy.

Lorna

Virta
12 ga Fabrairu

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye a bayan kanta. Kin ce duk wanda ya kai ƙarar nan ba shi da tausayi, kin ce ba za ki sake aika wa su Walt katin Kirsimeti ba.

Yaya, ki aika musu. Ni ce.

Ranar Lahadin da ta gabaci abin, muna cin abincin rana a gona, na sake tayar da zancen ɗakin. Baba ya ajiye cokali ya ce, "Lorna, ki huta haka nan. Yanzu da ɗana ya dawo ba na bukatar kowa ya kai ni ko'ina." Kowa. Ni ce kowa. Na wanke kwanuka na tafi, amma maganar ta kwana ta tashi da ni.

Da safe Neil ya shigo shan kofi kamar yadda ya saba. Ina zuba masa na ce, "Neil, baƙon da ya wuce wata guda fa?" Ya ce, "Ai kin fi ni sani, ke ke karanta wa mutane kullum." Na ce to akwai wani mai lambar Dakota a Tafkin Sorsa tun kafin Kirsimeti. Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Lorna, ba ƙanenki ba ne?" Na ce doka tana da ƙane ne? Ya juya kofinsa a kan kanta, sannan ya ce, "In hira muke yi, ban ji komai ba. In kuma faɗa min kike yi, dole in je in duba. Wanne ne?"

Kin ga, mutumin nan ya buɗe min ƙofa in fita. Wannan ne ba ya barina in sha ruwa da daɗi. Ba suɓutar baki ba ce. Na tsaya, na yi tunani, na ce masa faɗa nake yi.

A zuciyata na ƙiyasta 'yar tara ce za ta sosa masa girman kai. Kin san Duane, in aka taɓa shi sai ya tattara ya bar gari. Na ce zai yi fushi ya koma Dakota, Baba ya dawo hayyacinsa, mu karɓi ɗaki. Ban san zancen lasisi ba, Allah shi ne shaidata. Amma rashin sanin nan ba ya wanke ni, don ba alheri na nufe shi da shi ba tun farko.

Kuma na yi shiru da aka ɗora wa Walt. Ina kicin ɗin lokacin da Duane ya ambaci sunansa, na ci gaba da goge tebur. Ranar Lahadi Irene ta tare ni a ƙofar coci, ta riƙe hannuna tana hawaye, ta ce, "Ke da kika san mu, ki gaya wa ƙanenki Walt bai taɓa kai ƙarar ko karen maƙwabci ba." Na ce mata zan yi magana. Neil kuwa bai gaya wa kowa ba, amma ya daina zama, a kofin takarda yake karɓar kofinsa ya fita.

Mafi muni ranar Talata. Muna dawowa daga taron Duane ya ce, "Yaya, na san na bar miki wahalar Baba ke kaɗai. Ga shi yanzu ni ma na zama miki kaya. Ban da ke ban san yadda zan yi ba." Na ƙura wa hanya ido, na ce ba komai.

Kada ki kira Duane, kada ki gaya wa Roy tukuna. Bakin da ya ɗaure, shi ne zai kwance. Ki yi min addu'a kawai, in kina iyawa bayan kin karanta wannan.

Ƙanwarki,
Lorna

Virta
9 ga Maris

Zuwa ga Yaya Ardis,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Roy da yara. Na gode da takardarki. Kin yi min faɗa, kuma na cancanta, amma da kika rufe da cewa ke ma kin bar ni da Baba kin tafi, sai da na shiga sito na yi kuka. Ba wannan nake nema ba, amma na gode.

Na faɗa musu. Na rufe shago da wuri wata Asabar na je gona. Duane yana gyara kujerar da ƙafarta ta karye, Baba yana bakin taga. Ban zauna ba, don na san in na zauna ba zan iya ba. Na ce ba Walt ba ne, ni ce, kuma na faɗi dalili, har da maganar da Baba ya yi ranar Lahadi.

Duane ya ajiye guduma a hankali. Na so ya yi ihu, ya zage ni kamar yadda ya zagi Walt. Bai yi ba. Ya ce, "Kin zauna a motar nan ina yi miki godiya." Na ce haka ne. Ya ce, "Kuma kin bar ni na je na ci mutuncin tsoho a gaban matarsa." Na ce haka ne. Ya ɗauki rigar sanyinsa ya fita, muka yi ta jin saran gatari daga bayan rumfa har rana ta faɗi. Itacen da ya faskara ranar zai ishi gidan har bazara.

Baba bai juyo daga taga ba. Can ya ce, "Ki kira mutanen nan ki ce na karɓi ɗakin." Na ce Baba, ba don haka na zo ba, a bar zancen ɗaki, zan san yadda zan yi. Ya ce, "Ba ke na tambaya ba. Ba zan zauna ina kallo 'ya'yana suna cin naman juna a kaina ba." Na roƙe shi, Duane ma da ya shigo ya roƙe shi, ya ƙi. Kin san Baba in ya kafe. Abin da na yi wata da watanni ina nema na samu, kuma ban taɓa sa hannu a takarda da nauyin zuciya irin na ranar ba.

Gidan Walt ni kaɗai na fara zuwa. Ya saurare ni a bakin ƙofa bai ce in shigo ba. Da na gama ya ce, "Na riƙe ki a hannuna ranar baftismarki." Ya rufe ƙofa. Duane ya je nasa daban, ban san abin da suka ce wa juna ba, amma an yi dusar ƙanƙara cikin makon, da na je gona na tarar an share hanya da tarakta. Ni dai har yau in mun haɗu Walt kai kawai yake ɗaga min. Irene ta koma sayen mai a ɗaya gidan man.

Ni na kai Duane kotu a motata ranar shari'arsa, don ba shi da wani mai kai shi. Alƙali bai ɗaure shi ba, saboda shugaban taron Talata ya zo ya yi masa shaida, kuma Neil ya ce bai ba shi wahala ba ko kaɗan. Amma an ƙara masa wa'adin hana tuƙi, an ba shi aikin gayya a garejin ƙaramar hukuma. Kamfanin Dakota sun ce ba za su iya jira ba. A hanyar dawowa, sai da muka wuce gadar kogi ya ce, "Ni na hau babur ɗin, ba ke kika ɗora ni ba. Wannan nawa ne. Amma da kin ce min kin gaji, Yaya, da na ji." Kuma gaskiya ne, ban taɓa ce wa kowa na gaji ba, fushi kawai nake yi.

Yana gona shi kaɗai yanzu. Ina kai masa cefane, ina kai shi taro, yana cewa na gode kamar yadda ake ce wa direban tasi. Bai sha ba, wannan kam ina lura.

Baba ya tare makon jiya. Ɗakin yana da tsabta, ma'aikatan suna da kirki, abokin ɗakinsa wani tsohon mai haƙar tama ne mai suna Rudy, kurma-kurma, mai son surutu. Jiya bayan coci na ɗauki Duane muka je. Muna shiga Baba ya taɓa Rudy da sandarsa, ya ɗaga murya yadda zai ji, ya ce, "Ga biyu daga cikin 'ya'yana. Wannan ya yi ta yawo da ni a kan tafki ba lasisi, wannan kuma ta kai ƙararsa. Wai duk don suna sona ne." Rudy ya ƙyalƙyale da dariya har yana buga gado. Ni da Duane muka tsaya a bakin ƙofa riƙe da hulunanmu. Baba ya dube mu ya ce, "To, ku shigo mana, kuna sako min sanyi." Kujera ɗaya ce a ɗakin. Duane ya tura min ita da ƙafa, shi ya zauna a ƙasa.

Yaya, ki rubuta wa Duane. Kada ki kare ni a cikin takardar, kada ma ki ambace ni, ki tambaye shi lafiyarsa kawai. In kuma gwiwar Roy ta bari, ku zo da bazara. Baba ba zai ce yana kewarki ba, amma ya tambaye ni sau biyu ko kin san lambar ɗakinsa.

Ki gaishe min da Roy, da yara, da jikoki ɗaya bayan ɗaya. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarki,
Lorna Saarinen